Ƙaramin Racet da Injin Matan Iware

Jiya wani cikinku ya ɗauki ƙaramin racet ɗina na ɗaure noti daga kan benci, ya jujjuya kansa, ya tambaye ni ko na jikana ne na wasa. Kuka bushe da dariya, ni ma na taya ku. Ba laifinku ba ne. Ku a ganinku aikin nan bai wuce kwance noti da ɗaure noti ba, wanda ya fi damtse kuma shi ya fi iyawa. Ni ma na yi fiye da shekara ashirin da wannan tunanin, sai da wata dattijuwa daga Iware ta cire min shi. To ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda aka yi na zaɓi ɗan ƙarfen da kuke rainawa.

Ni a kan manyan motoci na koyi aiki, irin masu kwaso doya da shinkafa daga ƙauyuka. Maigidana Oga Hamman ne, wani Bafulatani siriri wanda idan ka gan shi ba za ka ce zai iya ɗaga taya ba. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Kayan aikinmu a lokacin duk manya ne, sifana ɗaya ta kai tsawon hannun mutum, kuma idan noti ya yi gardama sai a zura mata bututu a ƙara tsawo. Nan ne fagena. In kama bututun, in taka taya, in ja har notin ya yi kuka. Direbobi suka sa min suna Basamude, ni kuwa na riƙa jin daɗin sunan fiye da wanda ubana ya raɗa min. Oga Hamman yakan tsaya a bayana yana cewa “sese, sese”, wato a hankali da Fulatanci, sai in ce to, in ƙara ja. Babbar mota ba ta tona asirin mai ƙarfi, domin ƙarfenta yana da kauri, komai ka yi mata ta shanye.

Da ya sallame ni na buɗe wurina a nan Kachalla Sembe, ƙarƙashin darbejiyar nan da kuke zaune. Lokacin babur ya cika gari, sai na koma gyaransa. Na sayi racet babba, mai bakin rabin inci, hannunsa ya kusa kamu ɗaya, da shi nake yin komai tun daga taya har murfin inji. Na karya notuna ba adadi. Amma ɗan acaba kullum cikin sauri yake, idan noti ya karye sai in ce dama ya ruɓe, in sa wani, ya hau ya tafi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni yadda aka yi sabon noti ya ruɓe.

Sai shekarar da aka hana hawa babur a cikin gari. Ku ba ku ga wannan ba. Wurin nan da babura ke yin layi har bakin titi ya zama fili, nakan share shi sau biyu a rana don kada masu wucewa su ga ba ni da abin yi. Abokan aikina wasu suka koma Lau, wasu suka koma gona, wani ma ya sayar da akwatin kayansa ya kama tallan rake. Abin da ya rage mana shi ne ƙananan injuna, janareto da injin niƙa da injin ban ruwa na masu noman rani. Su kuma manoma ba kamar ’yan acaba ba ne. Duk fadama ɗaya makanike ɗaya suke kai wa, idan ya yi musu kyau kowa ya ji, idan ya ɓata ma kowa ya ji.

Ana cikin haka wata safiya aka sauke min injin ban ruwa daga bayan a-kori-kura. Mai shi Mama Saratu ce, dattijuwa gajera daga Iware, mai tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Ta ce injin ba nata ita kaɗai ba ne, su mata huɗu ne daga zumuntar cocinsu suka haɗu suka saya, suna noman tumatir da attarugu a bakin rafi. Yana yoyon ruwa ta baya, kuma sun gama dashe ke nan. Na duba na ga sil ne ya mutu, robar da ke hana ruwa bin sandar inji. Aikin awa ɗaya ne ga wanda ya sani.

Abin da ya ba ni wahala shi ne murfin famfon. Noti huɗu ke riƙe da shi, uku a fili, na huɗu yana can ƙasa ta hagu, bayan ƙarfen firam. Da injin lafiyayye ne sai in sauke shi daga firam ɗin in yi aikina a sarari. To wani mai walda a ƙauye ya like ƙafafun injin da firam ɗin saboda girgiza tana zubar musu da notuna, ya kuma ƙara wani ƙarfe a gicciye don mata biyu su iya ɗauka. Tsakanin ƙarfen nan da kan notin, yatsu uku ne da kyar. Wajen kwancewa na lallaɓa da buɗaɗɗiyar sifana. Wajen mayarwa sai gajen haƙuri ya kama ni, na cusa babban racet ɗina a karkace, na kama notin na ja kamar ina ɗaure tayar tirela.

Jikin famfon alminiyam ne, ba ƙarfen mota ba. Na ji notin ya yi tauri, na ƙara ja, sai na ji ya yi laushi, yana juyawa ba ya kama komai. Duk makanike ya san wannan laushin. Zaren da ke cikin ramin ne ya cinye. Na waiga, Mama Saratu tana can gindin bishiya tana ɓare gyaɗa a zaninta. Sai na shafa gam a bakin murfin, na mayar da notin ya zauna kamar lafiyayye, na goge wurin da tsumma. Na jefa tiyo a cikin durom na tayar da injin, ya ja ruwa. Ta yi ta sa min albarka, aka ɗora mata ta tafi.

Kwana uku ta dawo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna a kan bencin nan ta ce injin ya yi kwana biyu yana aiki, a na uku ya ƙi ja, sai kumfa yake fitarwa. Tun jiya da bokiti suke ban ruwa, su huɗu, ƙaramarsu ta haura hamsin. Rabin dashen suke iya kaiwa kafin rana ta yi zafi, sauran ya fara kwanciya.

“Ɗana, dashen nan ba zai wuce jibi ba,” in ji ta. “Ni ne na ce wa mata a kawo maka. Sun ce a kai Lau, na ce a’a, akwai mutum a Jalingo. In ba za ka iya ba ka gaya mini yanzu, tun rana bai yi ba.”

Na ce zan iya, ta zo gobe da safe. Ta ce ba za ta zo ba, tana da bokiti da za ta ɗauka, ni zan kai.

Da ta tafi na zare notin da yatsu, ya fito da zaren alminiyam nannaɗe a jikinsa. Ta nan famfon ke shan iska, kuma famfon da ke shan iska ba ya jan ruwa. Na zaga shagunan kayan inji, ba mai irin jikin famfon, sai an aiko da shi daga nesa, mako guda ko fiye. Hanya ɗaya ta rage, in yanka sabon zare mai ɗan girma a ramin, in sa noti mafi kauri. Naman da ya rage a gefen ramin kuwa siriri ne. Idan na shiga a karkace ko na matsa fiye da kima, gefen zai tsage, daga nan babu sauran dabara. Dama ɗaya gare ni, ga shi kuma ba ni da abin da zai shiga wurin a miƙe.

Kunya ta kama ni, amma na tafi wurin Oga Hamman. Lokacin ya tsufa ya bar aiki, yana zaune a ƙofar gida yana tufka igiya. Ban yi masa dogon bayani ba, notin na miƙa masa. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce shekara bakwai yana ce min sese ashe da bango yake magana. Ya ce ƙarfi ba laifi ba ne, amma hannuna kurma ne, noti yana magana ba na ji, kuma dogon racet shi ke ƙara toshe min kunne. Ya sa hularsa ya ce mu je kasuwa, kuma da injin za mu tafi. Na ce Oga, wa ke zuwa sayen racet da injin ban ruwa? Ya ce wanda zai sayi takalmi da ƙafarsa yake zuwa.

Haka muka ɗora injin a keke muka sauke shi a gaban wani mai sayar da kayan aiki, sababbi da na gwanjo. Mutumin ya zube mana racet biyar a kan kwali. Ni idona yana kan wani mai ƙyalli, mai hannun roba ja, wanda ya cika hannu. Oga Hamman bai ko kalle shi ba. Ya ce in zura notin ƙasa a raminsa, in fara gwada kowanne a kansa. Biyu ba su shiga ba sam, kansu ya yi kauri, har da jan nawa. Saura uku.

Ya ɗauki na farko ya kai kunnena, ya juya bakin a hankali ya ce in saurara. Ƙarar tana fitowa ɗaya-ɗaya, da tazara. Ya ce haƙoransa manya ne, sai ka karkata hannu da nisa kafin ya kama, kuma a wurin da za mu yi aiki babu filin karkatawa. Ya ɗauki na biyu, ƙararsa a jere kamar ana jan zif. Wannan ko ɗan motsi ka yi ya kama. Amma da ya riƙe shi a kwance, sai kan ya faɗi da kansa yana lilo. Ya ce kan da ke juyawa shi ne amfanin abin, amma idan ya saki haka zai kuɓuce daga noti ya fasa maka yatsu, kuma babu sukurun da za a matse shi. Ya mayar.

Na uku na gwanjo ne, mai bakin kwatan inci, fentinsa duk ya goge. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, na ɗauke shi kamar na ɗauki cokali. Kansa zagayayye ne, yana zaune tsakanin ƙafafu biyu, yana juyawa gaba da baya, kuma duk inda ka tsayar da shi nan yake tsayawa. A gefe akwai ɗan sukuru na matse shi idan ya saki. Oga Hamman ya sa soket, ƙoƙon da ke kama kan noti, ya girgiza, bai faɗi ba. Ya sa na ɗaura wani sakakken noti a kan benci da shi, ya ce kada in riƙe soket ɗin da ɗaya hannun. Na juya gaba, na dawo baya, notin bai biyo ni baya ba. Ya ce wannan shi ne gwajin da mutane ba sa yi, domin racet mai tauri idan noti ya saki sai ya riƙa kai shi yana dawo da shi, ga shi a lungu ba wurin sa hannu na biyu. Daga nan ya miƙar da kan ya yi daidai da hannun, abin ya zama kamar sukundireba, ya murza shi da yatsu biyu. Ya lanƙwasa shi kuma, ya zura ta ƙarƙashin ƙarfen firam, soket ya zauna a kan notin cif, a miƙe.

Na ce amma Oga, wannan ai ba shi da ƙarfi. Ya ce, “Shi ya sa. Kai kana da ƙarfin mutum uku, bingel. Abin da zai rage maka muke nema.” Mutum mai furfura a gemu ake kira yaro a gaban ɗan kasuwa, na haɗiye na saya.

Bayan azahar na fara aikin, Oga Hamman yana zaune a kan taya yana kallo. Na cire murfin, na buɗa raminsa kaɗan da zarto. Na ɗauko taf, ƙarfen da muke yanka zare da shi, na ɗiga masa kananzir, na kafa shi a ramin jikin famfon, na kama shi da soket a ɗan racet ɗin. Kwata gaba, in dawo baya kaɗan don garin ƙarfen ya fita, in sake kwata. Gumi yana ɗiga daga haɓata, ba don nauyi ba, don riƙe hannu. Ban taɓa sanin riƙe ƙarfi ya fi sakinsa gajiyarwa ba. A nan na fara jin abin da Oga yake faɗa. Ta cikin ɗan guntun hannun nan ina jin inda taf ke cin nama da inda ya cije. Aikin da na saba yi a minti biyu ya ci min kusan awa guda.

Na sa sabuwar roba, na kankare gam ɗin da na shafa, na mayar da murfin. Notuna huɗun na fara shigar da su da yatsu, sannan na bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, don murfin ya zauna daidai. Da na zo na huɗun, sabon noti mai kauri, na rufe ido. Ya tafi sumul, ya fara nauyi, ya tsaya. Damtsena yana cewa ƙara, na ƙi. Na ɗan taɓa shi kaɗan na cire soket. Oga Hamman bai yaba min ba, ya dai tashi ya kaɗe rigarsa ya ce in kai shi gida.

Washegari da sassafe na shiga motar Iware da injin a gabana, racet ɗin a aljihun riga. Na samu matan huɗu a bakin rafi, kowace da bokiti, zannuwansu sun jiƙe har gwiwa. Dashen da ke nesa da ruwa ya sunkuyar da kai, wasu layuka sun riga sun bushe. Ba wadda ta gaishe ni da fara’a sai Mama Saratu, ita ma a taƙaice. Na jefa tiyo a ruwa, na cika famfon, na ja igiya. Injin ya tashi. Muka tsaya muna kallon tiyon yana kwance kamar mataccen maciji. Can sai ya motsa, ya kumbura, ruwa ya fashe a kan kunyar farko ya bi layi. Ɗaya daga cikin matan ta ajiye bokitinta ta zauna a ƙasa.

Na so in tattara kayana in kama hanya, amma Mama Saratu ta ce in kashe injin. Ta ce rafin nan yana da yashi da ciyawa, murfin zai buƙaci buɗewa lokaci-lokaci, kuma ba za su riƙa ɗaukar inji zuwa Jalingo saboda ciyawa ba. In nuna mata. Na sassauta noti ɗaya na sama, na sa mata racet ɗin a hannu. Hannunta ƙarami ne, ya zauna mata kamar don ita aka yi. Na ce ta juya har ta ji ya yi nauyi. Ta juya, ta juya, ta tsaya da kanta. Na ce nan ne, Mama, daga nan ba a ƙarawa.

Ta riƙe racet ɗin, ta ɗago ta dube ni.

“Ni da ban taɓa riƙe shi ba na ji. Kai da ka tsufa a ciki, ranar nan ba ka ji ba?”

Matan duk suna saurare. Ina iya cewa notin ne ya ruɓe, bakina ya saba. Sai na sa hannu a aljihu na ciro tsohon notin da zarensa na ba ta. Na ce na ji, Mama. Ni na cinye shi, na rufe da gam, na bar ki kika tafi.

Ta juya notin a tafinta. Ta ce ta ga lokacin da na waiga na kalle ta, ba ta dai san me na ɓata ba. Ta nuna min layukan da suka bushe, ta ce waɗancan aikina ne, in dube su da kyau. Na duba. Layi shida ne, har yau ina iya nuna muku inda suke. Sannan ta mayar min da notin ta ce in ajiye. Ta ce mai gyara da ba ya ɓatawa ba ta taɓa gani ba, wanda zai ɓata ya faɗa take nema, ko da ya makara.

Sauran dashen ya tashi. Kafin ƙarshen ranin nan injuna daga fadamar Iware suka fara sauka a gindin darbejiyar nan, daga baya na Lau ma suka biyo, sannan masu keke suka gane akwai mai shiga lungun injinsu ba tare da ya fasa komai ba. Wurin da nake sharewa sau biyu a rana shi ne yau ba ku da inda za ku ajiye ƙafa. Mama Saratu kuwa ta sa na samo mata irin racet ɗin, ita ke buɗe murfinsu har ta koya wa matan wasu lambunan. Babban aiki kawai suke kawo min.

Saboda haka duk ranar da ɗayanku zai sayi nasa, kada ya tambaye ni wane suna ne a jiki. Ya tafi da aikin da zai yi, ya kai shi kunne, ya ga ko kan yana tsayawa inda aka sa shi, ya gwada shi a kan sakakken noti. Babban racet yana nan a akwati, yana da ranarsa, taya ba ta jin lallashi. Amma wanda zai taɓa alminiyam a wurin nan da ƙaramin zai fara.

Notin nan da ke rataye a ƙusa, wanda kuke tsammani laya ce, shi ne na Mama Saratu. Kai da ka ce abin wasa ne, sauko da shi ka taɓa zaren da yatsanka. Idan ka gama ga racet ɗin, ga janareton can yana jira. Ka ɗaure murfin, ina kallonka, in ga inda za ka tsaya.